"Anti, Wai Labarinki Ne?": Inda Rayuwar Marubuci Take Ɓuya A Littafinsa

Duk wanda yake cikin zaurukan karatun littattafan Hausa a WhatsApp ko Facebook ya san wannan tambayar. Da zarar marubuciya ta saki shafin da ya taɓa zuciya, irin wanda ake korar yarinya daga gidan ubanta da tsakar dare, ko ake ɗaura mata aure tana ɗaki tana kuka, kafin minti goma wata za ta rubuto: "Anti, don Allah wai labarinki ne?" Wata kuma ta ce wallahi kamar a tsakar gidansu aka zauna aka rubuta. Su ma marubutan sun san da zuwan tambayar, shi ya sa tun a shafin farko suke kafa katanga. Wasu su ce labarin ƙirƙira ne, in ya yi kama da rayuwar wani to arashi aka samu. Wasu kuma su bi ta ɗaya hanyar, su ce da gaske ya faru, wata baiwar Allah ce ta ba su labarin ta ce a sakaya sunanta, domin sun lura an fi rububin littafin da aka ce gaskiya ne.

Ni dai a ganina kowanne ɓangare rabin gaskiya ya faɗa. Ba wanda yake zama ya rubuta shafi ɗari uku daga iska, kuma ba wanda yake kwashe rayuwarsa ya juye a takarda yadda take. Abin da yake faruwa yana tsakanin biyun, kuma ban san inda ya fito fili kamar a rayuwar Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ba.

Abin da aka hana Balaraba ta ba Abu

Da yawa cikinmu sunan yayanta muka fara sani: Janar Murtala Ramat Muhammed, shugaban ƙasar da aka kashe ranar 13 ga Fabrairun 1976, wanda hotonsa yake jikin naira ashirin. To ƙanwarsa ce. Sai mutum ya ɗauka 'yar irin wannan gida za ta yi karatu har sai ta ce ya ishe ta. Ba haka aka yi ba. Tana da shekara 13 aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, auren da bai yi ƙarko ba. Ita da kanta ta faɗa cewa wannan ne dalilin da ya sa take rubutu da Hausa maimakon Turanci, don karatun bokon da za ta yi rubutun Turancin da shi an yanke mata shi tun tana ƙarama. Daga baya ne ta koma ajin manya ta ci gaba da neman abin da ya wuce ta.

A 1987 ta fitar da littafinta na farko, Budurwar Zuciya, kan wani Alhaji mai auri-saki. A 1990 kuma sai ga Wa Zai Auri Jahila? Tauraruwar littafin Abu ce, yarinyar ƙauye mai son makaranta. Mahaifinta ya cire ta. Ɗan uwanta da aka yi musu baiko, shi da ya samu ya yi karatun, ya dawo ya ce shi fa ba zai auri jahila ba. Kun ga abin haushi ko? A cikin dangin da suka hana ta ilimi aka samu mai yi mata gorin rashinsa. Ƙarshe dai aka aurar da ita ga Sarkin Noma, dattijon da ya isa ya haife ta.

Har zuwa nan, duk wanda ya san tarihin marubuciyar zai ce ai ga ta nan. Amma ku lura da abu biyu. Na farko, Balaraba 'yar birnin Kano ce, daga gida sananne. Abu kuwa ta ɗauke ta ta kai ƙauye, ta ba ta uba daban, miji daban, dangi daban. Ba wanda zai buɗe littafin ya ɗora yatsa a kan wani shafi ya ce ga wane ɗan gidansu. Na biyu, wanda ya fi burge ni, shi ne abin da ya biyo bayan auren. Abu ba ta zauna ba. Ta gudu birni wajen goggonta, ta koma makaranta, ta yi ta hawa har ta kai ga aikin jinya, mutanen da suka kira ta jahila suka dawo suna jin nauyinta. Hanyar da aka toshe wa marubuciyar tana 'yar shekara 13, ita ta buɗe wa yarinyar da ta ƙirƙira, ta raka ta har ƙarshe. Wato rabin littafin abin da ya faru ne, ɗaya rabin abin da ya kamata a ce ya faru. Kuma ni a wajena rabi na biyun ma rayuwarta ce, don burin mutum ai nasa ne, kamar yadda tabonsa yake nasa.

A shekarar dai ta 1990 ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne. Rabi ce a ciki, matar wani ɗan kasuwa Alhaji Abdu, uwar 'ya'ya tara. Mijin yana da hali, amma ɗan abin da yake bayarwa na cefane ba ya kai gidan ko'ina. Ya je ya auro Delu, rikici ya tashi, aka kori Rabi da 'ya'yanta. Ta kama sayar da abinci ta riƙe su, ta aurar da 'yarta Saudatu gidan mutunci, shi kuwa Alhaji gobara ta cinye masa dukiya a kasuwa. Ba sai an ce Balaraba ta yi irin zaman Rabi ba. Ta tashi a cikin gidajen Kano, ta zauna da matan da suke wannan lissafin kullum, na yadda kuɗin da bai isa mutum uku ba zai ciyar da goma. Kishiya da mugun miji kowa zai iya ƙirƙirarsu. Lissafin tukunya ne ba ya ƙirƙiruwa, sai wanda ya gani da idonsa, kuma shi ya riƙe littafin har yau.

A 2012 wani kamfanin ɗab'i na birnin Chennai a Indiya mai suna Blaft ya buga fassarar littafin da Turanci, wadda Farfesa Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero ya yi. Yarinyar da aka raba da ajin Turanci, yau da Turancin ake karanta ta a ƙasashen da ba a san ma'anar kuykuyo ba.

Ba yau aka fara ba

In muka koma baya, tun tushen ƙagaggun labaran Hausa na boko abin yana nan. A 1933 Rupert East ya shirya gasar rubutu daga Hukumar Fassara a Zariya. Wani malamin makarantar Midil ta Katsina ɗan shekara 22, wato sa'anmu, ya shiga da Ruwan Bagaja. Sunansa Abubakar Imam, haifaffen Kagara ta ƙasar Kwantagora. Wane suna ya sa wa tauraronsa? Alhaji Imam, mutumin Kwantagora. Ba wanda ya yarda Imam ya je neman wani ruwa a bangon duniya ko ya yi ta wasan kura da Malam Zurƙe, kuma masana sun nuna ya ari abubuwa da yawa daga labaran Larabawa da ya karanta. Amma da ya tashi tura wani yawon duniya, kansa ya tura, da sunansa da garinsu.

Hajiya Hafsat Abdulwaheed kuwa wata ƙofar ta buɗe. So Aljannar Duniya yana cikin littattafai uku da suka yi nasara a gasar kamfanin NNPC na Zariya aka buga su a 1980, tare da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da Amadi Na Malam Amah na Magaji Dambatta (kun ga mu ma mutanen arewacin Kano da namu a ciki tun lokacin). Shi ne ake lissafawa a matsayin ƙagaggen littafin Hausa na farko da mace ta wallafa. Labarin Boɗaɗo ne, 'yar Fulani da ta so Yasir, wanda ba jinsinsu ba, dangi suka ƙi. Tushensa kuwa auren yayar marubuciyar ne da wani Balarabe, da irin gogayyar al'ada da ta biyo baya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa: wani lokaci rayuwar da take cikin littafi ba ta marubucin ba ce shi kaɗai, ta wani nasa ce.

Mu da muke zaune danga da danga

Ni 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Bichi, karatu ne ya kawo ni birni. Wanda ya taɓa bin hanyar Katsina ta Dawanau da Bichi da Tsanyawa, ko ta Daura ta wajen Dambatta, ya san yadda ƙasarmu take. Babu daji. Gona ce ta haɗe da gona, gamba ko lalle a kan iyaka, gawo da ɗorawa da kuka a tsakiya, ka bar wannan rukunin gidaje kafin ka yi tafiyar minti goma ka faɗa wani. Michael Mortimore, Baturen nan masanin labarin ƙasa da ya koyar a Zariya da Kano, shekaru ya yi yana nazarin yadda jama'a masu yawa haka suke noma ƙasa ɗaya kowace damina ba hutu, da takin dabbobi da sharar birni da jakuna suke ɗaukowa, kuma ƙasar ba ta mutu ba. Ni abin da ya shafe ni da wannan cunkoso daban ne. A wajenmu sirri ba ya kwana. In aka yi saki a gabashin gari da hantsi, kafin la'asar an ji a rijiya, an ji a injin niƙa, an ji a Islamiyya. Ranar Lahadi kuwa labarin ya isa kasuwar Dambatta tare da awaki.

To a cikin wannan zama ne waya ta shigo. Yarinya ta gama sakandare, ko ba ta ma gama ba, tana da 'yar wayarta ko ta yayanta da take ara da daddare, a kai caji shago, a sa data ta ɗari biyu. Ta fara da karatu, ta shiga zaure biyu uku, wata rana ta ce ita ma bari ta gwada. Ba ta buƙatar maɗaba'a, ba ta buƙatar kai littafi rumfunan Sabon Gari kamar yadda su Balaraba suka yi. Da babban yatsa take rubutawa, ta saki shafi, masu karatu su yi ta sharhi, in abin ya karɓu ta buɗe zauren kuɗi a biya 'yan ɗaruruwan naira a shiga. Akwai waɗanda da wannan suke sayen sabulu da man shafawa, har da kuɗin jarrabawa. Samari ma suna yi, musamman a Facebook, amma mata sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Sai dai ku duba abin da ake rubutawa. Sunan marubuciya Ummu kaza ko Maman kaza, ko wani laƙabi da ko mahaifiyarta ba za ta gane ba. Labarin kuma a Maitama yake farawa, ko a filin jirgi ana jiran saukar wani matashi da ya gama digiri na uku a Landan yana ɗan shekara ashirin da bakwai, miskili, ba ya dariya, kamfanoni bakwai. Ana yawan yi wa wannan dariya, ni ma nakan yi. Har akwai masu cewa wannan shi ne shaidar cewa littattafan waya ba su da alaƙa da rayuwa, mafarki ne kawai na 'yan matan da ba su taɓa shiga jirgi ba. Ban yarda da su ba. Mafarkin gaskiya ne akwai shi, amma ai mun ga a wajen Abu cewa shi ma daga rayuwa yake fitowa. Wadda ta tashi tana ganin ana auna gero da kwano kafin a ɗora tukunya, in ta rubuta gidan da abinci yake ragowa a zubar, ba ƙarya take ba, yunwar take faɗa ta bayan gida. Sannan Abujar nan maɓoya ce. In ta sa labarin a garinsu, gobe da safe an gane kowa.

Ga wani gwaji da nake yi in ina karatu, ku ma ku gwada. Ku duba inda bayanin marubuciya yake dishi-dishi da inda yake fitowa tar. In ta zo falon Alhaji, sai ta ce faɗar haɗuwarsa ɓata baki ne, ta wuce. Motar kuwa baƙa ce wuluk mai baƙin gilashi, shi ke nan. Amma bari a zo wajen da matar uba take raba tuwo. Nan za ku ga ta san wa aka fara zuba wa, ta san wa aka bar wa ƙanzo, ta san irin kallon da ake yi wa yarinya in ta miƙa hannu karo na biyu. Ta san yadda ɗanyen itace yake hayaƙi da damina har ido ya yi ja, ta san kalmar da ake faɗa ƙasa-ƙasa don kada maigida ya ji daga zaure. Ba a koyon wannan a fim ɗin Indiya. Inda alƙalami ya daina sauri ya tsaya yana ƙirga ƙananan abubuwa, to nan marubuciyar take zaune, ko da ta ce mana a Dubai muke.

Ɓoye suna kam ba mu muka fara ba. A Amurka, S. E. Hinton ta fara rubuta The Outsiders tana 'yar sakandare a garin Tulsa, kan rikicin samarin unguwar talakawa da 'ya'yan masu kuɗi da take gani a makarantarsu. Da za a buga shi a 1967, kamfanin ya ba ta shawarar ta sa haruffan farko na sunanta kawai, kada a gane mace ce ta rubuta labarin maza a raina shi. Sai dai ita sunan kaɗai ta ɓoye, duniyar da ta sani ita ta rubuta. Namu suna ɓoye duka biyun.

Abin da ake tsoro

Kuma suna da dalili. A wajenmu har yanzu mutane da yawa ba sa raba marubuci da abin da ya rubuta. In budurwa ta rubuta yarinyar da aka yi wa fyaɗe, sai a fara ƙus-ƙus, a ina ta san wannan? In matar aure ta rubuta mugun miji, dangin mijinta su ce da ɗansu take. In ta rubuta soyayya mai zafi, a ce idonta ya buɗe. Tambayar nan ta "wai labarinki ne" a zaure tausayi ce, amma in ta fito daga bakin ƙanwar saurayin da yake neman aurenki, to bincike ne. Ba ina kare masu rubuta batsa don a biya su ba ne, waɗannan sun san abin da suke sayarwa, kuma su suka ja wa sauran baƙin jini. Ina maganar wadda ta rubuta abin da yake faruwa a gidaje da gaske, aka bar masu aikatawa aka kama ta da laifin faɗa.

Tsoffin hannu sun sha wannan. Zamanin da Balaraba take ƙungiyar Raina Kama tare da su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba, an yi ta kiran littattafansu Adabin Kasuwar Kano, sunan da ba yabo aka nufa da shi ba, malamai irin su Farfesa Ibrahim Malumfashi da Farfesa Abdalla Uba Adamu suka yi ta muhawara a jaridu kan ko suna da wata daraja. A 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona tarin littattafan Hausa a bainar jama'a da hujjar suna ɓata tarbiyyar 'yan mata 'yan makaranta. Wani lokacin ma wutar daga cikin gida take. Buchi Emecheta, 'yar Nijeriya da ta zauna a Landan, mijinta ne ya ƙona mata rubutun littafinta na farko. Ta bar auren, ta raini 'ya'ya biyar ita kaɗai, ta sake rubuta littafin ya fito a 1976 da sunan The Bride Price. Ƙonawar kanta ba ta bar ta ta tafi a banza ba, ta saka ta a Second-Class Citizen na 1974, inda aka yi wa tauraruwarta Adah irin abin da aka yi mata. Yau ba a buƙatar ashana. Miji ko yaya ya karɓe waya ya goge komai, shafi ɗari biyu sun tafi.

Amma akwai ɗaya gefen, wanda mu masu son rubutu ba mu cika son a taɓo ba. Na ce ku riƙe maganar yayar Hajiya Hafsat. Rayuwar kowannenmu cike take da wasu mutane, kuma su ba su ce a saka su a littafi ba. A ajinmu na koyon aikin jarida ana nanata mana kare majiya: in mutum ya ba ka labarin da zai iya cutar da shi, canza masa suna kaɗai bai isa ba, sai ka duba duk wata alama da za a bi a gano shi. A birni wannan da sauƙi. Ka ce wani mai shago kusa da masallacin Juma'a, matansa uku, ta tsakiyar ta yi yaji da goyon tagwaye. A Fagge ko Kurna sai a yi ta lalube. A garinmu mutum ɗaya ne, kuma matar tana da 'yan uwa a zauren da kike sakin littafin. Ke kin samu masu karatu, ita ta samu abin da za a riƙa nuna ta da shi a gidan biki har 'ya'yanta su girma. Wallahi wannan ba ƙaramin alhaki ba ne, kuma rubuta "arashi ne" a shafin farko ba ya wanke shi.

Nan ne nake ganin dabarar Balaraba ta fi ta masu gudu Abuja, ta kuma fi ta masu kwafe maƙwabta. Ta ɗauki ciwon ta bar mutanen. Ta canza gari, ta canza sana'a, ta canza dangantaka, har abin da ya rage shi ne abin da yarinya take ji ranar da aka ce ta ajiye jakar makaranta. Wannan ba na mutum ɗaya ba ne, shi ya sa mata da yawa suka ga kansu a jikin Abu ba tare da an tona asirin ko ɗaya ba. Mai rubutu daga Kunchi ko Makoɗa zai iya yin haka bai bar ƙauye ba. A mayar da mai shago mai sayar da taki, a haɗa halin mutum uku a jikin ɗaya, a kai labarin wani gari da babu shi a taswira amma ƙasarsa irin tamu ce. In kuma labarin na mutum ɗaya ne ƙwarai, ba ya canzuwa, to a je a tambaye shi. In ya ce a'a, a haƙura.

Gonar da ba ta shiga littafi ba

Abin da yake ba ni takaici shi ne, saboda wannan gudun, akwai rayuwa guda da kusan ba ta shiga littattafan da muke karantawa a waya. In ƙauye ya fito, to wajen da ake ɗauko 'yar aiki ne, ko inda ake kai yarinya horo, mutanensa ba su iya magana ba sai abin dariya. Mu da muka fito daga can mu muke rubuta hakan, mu muke karantawa muna dariya. Alhali gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata ta nuna akwai masu son labarin da ba na gidan bene ba. Wanda ya lashe ta a karon farko a sansanin 'yan gudun hijira yake.

Kuma kayan labari a wajenmu har sun yi yawa. Saurayin da yake tafiya ci-rani Legas da an gama girbi, ya bar budurwa da alkawari, ya dawo da damina ya tarar an kai kuɗin wani. Yarinyar da aka kai aikatau birni don a tara kuɗin kayan ɗakinta, tana wanke kwanukan wata sa'arta da take shirin jarrabawar shiga jami'a. Ɗalibin da yake zuwa kwalejin ilimi ta Bichi da safe, da yamma yana noman rani a bakin dam ɗin Watari, yana ɓoye hannunsa a aljihu in zai yi magana da 'yan matan ajinsu. Uban da ya sayar da wakensa tun yana gona don ya sayi taki.

Sai babbar, wadda kowane gida a yankinmu ya sani: gado. Gonar da kaka ya noma da 'ya'yansa a gandu, an raba, an sake rabawa, har kowane jika ya tashi da 'yar tsirin da ba za ta ba shi damin da zai kai shi bazara ba. Ga dillalan filaye suna tahowa daga birni ta hanyar Dawanau da kuɗi a hannu. Ɗan'uwa ɗaya yana so a sayar ya sayi babur ya haɗa lefe, ɗaya ya ce sai dai bayan ransa. A tsakiyarsu akwai ƙanwarsu, wadda shari'a ta ba ta kasonta, amma yayyen suka ce za su riƙe mata, ana ba ta kwano biyu uku in an yi girbi, ba ta taɓa taka iyakar abin da yake nata ba. Ta san ranar da aka yi rabon, ta san wanda ya riƙe igiyar awo, ta san abin da mahaifiyarsu ta faɗa a ɗaki da daren. Irin wannan yarinyar tana da waya, tana cikin zaure uku na karatu, kuma littafin da take rubutawa bayan sallar isha'i a filin jirgin saman Abuja yake farawa.